Masanin Magunguna a Gefen Gadon Marar Lafiya: Nazari kan Asibitocin Karkarar Arewacin Kano

A manyan asibitocin ƙananan hukumomin arewacin Jihar Kano, irin su na Dambatta da Bichi da Gezawa da Minjibir da Dawakin Tofa, abin da yawancin jama'a suka sani game da masanin harhaɗa magunguna bai wuce mutumin da ke zaune bayan wata 'yar taga ba, wanda ake miƙa wa takardar likita da rasidin biyan kuɗi, shi kuma ya miƙo ƙwayoyi a leda yana cewa a sha biyu da safe, biyu da dare. Wannan aiki ne na gaske da asibiti ba ya tafiya sai da shi, amma ɗan yanki ne kawai na ilimin da mutumin ya kwashe shekara biyar ko shida yana nema a jami'a. Akwai wani reshe na sana'ar da ke fitar da ma'aikacin daga ɗakin magani zuwa ɗakunan da aka kwantar da marasa lafiya, inda yake bin zagayen safe tare da likita da ma'aikatan jinya, yana duba fayil ɗin kowa, yana auna ko maganin da aka rubuta ya dace da cutar, da nauyin mai shansa, da ƙarfin ƙodarsa da hantarsa, da kuma sauran abubuwan da yake sha. Shi ake nufi a nan da masanin magunguna na ɗakin jinya. Gano cuta hurumin likita ne, yin allura da kula da jikin marar lafiya kuma na ma'aikatan jinya ne, abin da ya rataya a wuyan wannan ma'aikaci kuwa shi ne tabbatar da cewa maganin da ya shiga jikin mutum shi ne ya kamace shi, a adadin da ya kamata, a lokacin da ya kamata, kuma yana da ingancin da aka rubuta a jikin kwalinsa.

Wannan salo ya soma ƙarfi ne a Amurka cikin shekarun 1960, musamman bayan gwajin da asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ya yi a 1966 na ajiye masana magunguna a cikin ɗakin marasa lafiyar da aka yi wa tiyata, sannan a 1990 Charles Hepler da Linda Strand suka fito da ra'ayin da ya bazu a duniya, cewa masanin magunguna yana da alhaki a kan sakamakon jinya, ba a kan miƙa ƙwaya kaɗai ba. A arewacin Nijeriya tarihin sana'ar ya bi wata hanya dabam, domin makarantar da aka buɗe a Zariya a 1930 ta horar da masu haɗa magani da raba shi ne, waɗanda jama'a suka sani da disfensa, kuma hoton nan na mai rabon magani ya daɗe a zukata har bayan da Jami'ar Ahmadu Bello ta soma ba da digiri a fannin. A yau Jami'ar Bayero ta Kano tana gudanar da karatun shekara shida wanda ya fi karkata ga aikin ɗakin jinya, hukumar da ke kula da sana'ar kuma, wadda aka kafa a 1992, ta sami sabuwar doka a 2022 da ta faɗaɗa ikonta. Ilimin dai yana nan ana koyar da shi. Tambayar da ta rage ita ce inda ake amfani da shi.

Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suna ɗaukar cewa irin wannan aiki ƙawa ce da ta dace da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da makamantansa, inda ake da ƙwararru a kowane fanni da injinan gwaji, amma idan aka dubi yanayin karkarar arewacin Kano da idon basira, za a ga cewa buƙatar ta fi tsanani a can. Wannan yanki na daga cikin ƙasashen noma mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, inda gona ke manne da gona, ƙauye ke hangen ƙauye, ana noma gero da dawa da gyaɗa da wake a fili ɗaya kowace shekara ba tare da an bar shi ya huta ba. Yawan jama'ar ya sa kusan kowane gari yana da kemis, wato ɗan shagon sayar da magani wanda doka ta yarje wa mai shi sayar da wasu magunguna ƙalilan da ba sa buƙatar takardar likita, kowace kasuwa kuma tana da masu tallar ƙwayoyi a faranti da masu maganin gargajiya. Saboda haka da wuya marar lafiya ya iso babban asibiti da cikinsa wayam. Kafin a ɗauko shi a babur ko a mota, ya riga ya sha haɗin da mai kemis ya ƙulla masa daidai kuɗinsa, wataƙila an yi masa allura a gida, an kuma ba shi jiƙo ko tsimi, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta a ko'ina.

Shi ya sa aikin farko na masanin magunguna a irin wannan asibiti shi ne binciko tarihin abin da aka riga aka sha, kuma aiki ne da ke buƙatar ladabi fiye da ilimin littafi. Uwar da ta kawo yaro tana tsoron faɗa, don haka idan aka tambaye ta da tsawa ko ta ba shi wani abu, amsar da za ta bayar ita ce a'a. Ma'aikacin da ya san mutanensa yakan zauna ne a gefen gadon, ya gaishe ta, ya yi mata sannu da jinya, sannan ya ce, "Inna, a nuna mini ledar maganin da aka zo da ita, don kada mu maimaita masa abin da ya riga ya sha." A cikin ledar nan ake samun kwalaben ruwan magani biyu masu suna dabam-dabam waɗanda dukansu farasitamol ne a ciki, alhali yaro bai kamata ya wuce kimanin miligiram 15 a kan kowane kilo na nauyinsa ba, sau huɗu a yini, domin abin da ya haura haka yana iya lalata hanta. A cikinta ake samun diklofenak da ibufurofen, magungunan ciwon jiki da manoma ke sha kusan kullum lokacin noma da girbi, waɗanda ke ƙwarzane ciki har ya yi jini, suke kuma raunana ƙodar mutumin da ya yini a rana bai sha isasshen ruwa ba. Dattijon da aka kwantar da hawan jini wanda ya ƙi sauka duk da magani, sau da yawa sirrinsa yana cikin waɗannan ƙwayoyi ne, domin suna rage ƙarfin magungunan hawan jini, kuma likitan da ke da layin mutane masu yawa a gabansa ba shi da sararin tono wannan labari.

Ɗakin yara a tsakiyar damina shi ne wurin da lissafi ke zama batun rai da mutuwa. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro yakan cika gadaje, kuma tun bayan babban binciken da aka wallafa a 2010, wanda ya nuna cewa allurar atisunet ta fi kwinin ceton ran yaran Afirka masu zazzaɓi mai tsanani, ita ce aka fi dogara da ita. Sai dai maganin yana zuwa ne a matsayin gari a cikin 'yar kwalba, mafi yawa mai miligiram 60, wanda sai an narkar da shi da ruwan da aka haɗo shi da shi, an ƙara ruwan gishiri na asibiti, kafin a zuƙa. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kan kowane kilo, wanda ya kai ko ya wuce kuma miligiram 2.4, a yi allurar farko nan take, ta biyu bayan awa 12, ta uku bayan awa 24. Yaro mai kilo 10 ke nan rabin kwalba yake buƙata, ragowar kuma ba a ajiye ta zuwa allura ta gaba, domin maganin yana lalacewa jim kaɗan bayan an narkar da shi, abin da ke da wuyar bayyanawa ga uban da ya sayar da akuya kafin ya sayi kwalbar. Duk wannan lissafi ya dogara ne a kan sikeli mai aiki, kuma inda ake ƙiyasta nauyin yaro da ido, musamman yaron da tamowa ta rame, kuskure ba ya da nisa. Haka lamarin yake ga jentamaisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake yi wa jarirai, wadda kwalbarta ta manya ke ɗauke da miligiram 80, alhali jariri mai kilo 3 a makonsa na farko miligiram 15 kacal yake buƙata sau ɗaya a yini, abin da ya wuce ƙima kuma yana iya taɓa ƙoda ko ya kurmantar da yaro har abada.

Akwai kuma wani giɓi da ke buɗewa a ranar da yaron ya farfaɗo. Da ya buɗe ido ya nemi abinci, iyaye sukan matsa a sallame su, domin gona tana jira, kuɗin jinya kuma ya ƙare, alhali allurai ukun nan ba su gama kashe ƙwayar cutar ba, sai an bi su da cikakken maganin sha na kwana uku, wato haɗin atimita da lumefantirin, wanda Nijeriya ta koma kansa a 2005 bayan kulorokwin ya daina aiki. Ana shan sa sau shida, kuma jiki ba ya karɓar sa sosai sai da abinci mai maiƙo, don haka shawarar da ta dace da gidan manomi ita ce a ba yaro da nonon uwa, ko madara, ko kunun gyaɗa. A nan ne ake ganin amfanin sanin abincin mutane, domin nonon da ke taimakon wannan magani shi ne kuma ke hana jiki tsotse tetirasaikilin da sifurofuloksasin, saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa yana kama su a hanji, ta yadda wanda ya kora ƙwayar da fura da nono ya yi asarar kuɗinsa da wani kaso na maganinsa. Masanin magunguna zai kuma tambaya ko yaron ya karɓi maganin rigakafin zazzaɓi na damina da ake rabawa gida-gida ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, domin akwai amodiyakwin a ciki, kuma bai kamata a ƙara masa wani haɗin mai amodiyakwin a kai ba.

Ɗakin haihuwa ne ya ba Jihar Kano hujja mafi ƙarfi a kan abin da kyakkyawan sarrafa magani ɗaya tak zai iya yi. Jijjigar masu juna biyu, wato suman da hawan jini ke jawowa a ƙarshen ciki ko lokacin naƙuda, ta daɗe tana cikin manyan masu kashe mata a arewa. A 2008 aka shigar da allurar magnesiyam salfet a asibitocin gwamnati 10 na jihar tare da horar da ma'aikata, kuma rahoton da Jamilu Tukur na Asibitin Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka wallafa ya nuna cewa mace-macen masu wannan cuta sun sauko daga kimanin kashi 21 cikin ɗari zuwa kusan kashi 2. Magani ne mai araha, amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke tsayar da numfashi ba ta da faɗi. A tsarin da aka fi bi, ana fara wa mace da giram 14, huɗu ta jijiya bayan an tsarma shi, goma kuma a tsokar ɗuwawu biyu, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu, kuma kafin kowace allura sai an ƙirga numfashinta, an duba yawan fitsarinta, an ƙwanƙwasa gwiwarta an ga ƙafar ta motsa. Makarinsa shi ne kalsiyam gulukonet, wanda ya kamata ya kasance a cikin ɗakin haihuwar kansa dare da rana, domin makarin da ke kulle a sito da ƙarfe biyun dare, mai mabuɗin kuma yana gida, bai amfani kowa ba. Tabbatar da cewa akwatin gaggawar nan a cike yake, rubuta yadda ake tsarma maganin a manna a bango da manyan baƙaƙe, da sake bitarsa da kowace sabuwar ungozoma, duk aikin masanin magunguna ne, kuma ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada.

Oksitosin, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke bayan haihuwa don tsayar da jini, ita ce ke nuna ɗaya fuskar matsalar, wato inganci. Ana so a adana ta a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, a ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce. Nono idan ya lalace tsaminsa yakan tona shi, amma oksitosin da zafi ya kashe yana nan garau a kwalbarsa, ba launi ba wari, sai an yi wa mace jini ya ƙi tsayawa sannan a soma zargi. Wani bincike da aka gudanar tare da hukumar NAFDAC, aka wallafa a 2018, ya gano cewa kusan kashi 74 cikin ɗari na samfuran oksitosin da aka tattaro a sassan Nijeriya ba su cika ma'aunin ƙarfi ba. Babban gwajin E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, ya nuna cewa auna jinin da mace ta zubar da wuri, tare da ba ta magunguna a haɗe ba tare da jinkiri ba, ya rage zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa da kashi 60 cikin ɗari, sai dai wannan nasara tana tsaye ne a kan sharaɗin cewa abin da ke cikin sirinji yana da rai. Mutumin da ya san daga ina aka sayo kwalin, a wace mota ya zo, awa nawa firjin ya yi a mace a daren jiya, shi ne kaɗai zai iya ba da wannan tabbaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magunguna goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci, kuma ko da yake rufe shaguna fiye da 1,000 a kasuwar magani ta Sabon Gari da kewaye a Fabrairun 2024, da matsa wa 'yan kasuwar su koma cibiyar sari ta Dangwauro, mataki ne mai muhimmanci, takardar da ake ba ɗan'uwan marar lafiya ya je waje ya sayo abin da asibiti ba shi da shi tana ci gaba da zama ƙofar da jabu ke shigowa ta cikinta har gefen gado.

Sauran ayyukan suna da yawa, kuma wasunsu a natse ake yin su. Mai jego da aka kwantar da kumburin jiki da haki saboda ciwon zuciya, cutar da likitocin Zariya suka bayyana tun shekarun 1970, ana ba ta maganin fitar da ruwa, amma idan dangi na kawo mata kunun kanwa daga gida, gishirin da ke cikin kanwar yana mayar da ruwan da maganin ya fitar, kuma hana wannan sai da lallashin surukar da ta dama kunun da kyakkyawar niyya. Mai tarin fuka da ke shan rifamfisin na wata shida yana buƙatar a faɗa masa tun farko cewa fitsarinsa zai yi ja, don kada ya firgita ya daina, idan kuma yana shan dolutegirabir na cuta mai karya garkuwar jiki, sai an ninka masa adadinsa, domin rifamfisin yana sa hanta ta yi saurin ƙone shi. Gabanin azumin Ramadan, mai ciwon suga da ke shan gilibenkilamaid yana cikin haɗarin faɗuwar suga da rana tsaka, don haka ana so a zauna da shi tun cikin Sha'aban a sake tsara lokutan shan maganinsa tsakanin buɗa-baki da sahur, a kuma gaya masa alamomin da idan ya ji su dole ya karya. Idan fatar wani ta saluɓe bayan ya sha magani mai sinadarin salfa, masanin magunguna ne zai cike takardar rahoto zuwa NAFDAC, ya kuma rubuta wa mutumin sunan maganin a kati ya riƙe, don kada wani kemis ya sake ba shi. Batun magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuwa, waɗanda ake sayar da kafso biyu ko uku nasu kamar alewa, ya isa a ce wani babban nazari ya danganta mutuwar mutane miliyan 1.27 a duniya a 2019 kai tsaye ga ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma a asibitin da ba a iya gwajin gano wane magani ne zai kashe wace ƙwaya, tambayar da masanin magunguna ke yi a rana ta uku, ko har yanzu ana buƙatar wannan allura ko za a iya komawa ƙwayar sha, ita ce kusan kariyar da ta rage.

Masu ganin cewa duk wannan buri ne da ya fi ƙarfin asibitin karkara suna da hujjoji da bai kamata a raina ba. Masana magunguna ba su da yawa, mafi yawansu kuma suna birni ko sun tafi ƙasashen waje, wanda aka tura karkara kuwa yakan tarar da kansa shi ne mai sito, shi ne akawu, shi ne mai kai rahoto. Tsarin asusun magani mai juyawa, wanda ya samo asali daga shirin Bamako na 1987, inda ake sayar da magani a mayar da kuɗin a sake sayo wani, ya taimaka wajen hana ɗakunan magani zama fanko, amma ya kuma sa ana auna ƙwazon ma'aikacin da daidaituwar littafin kuɗi, ba da yawan kurakuran da ya tare ba. Akwai kuma tsohuwar takun-saƙa tsakanin ƙungiyoyin likitoci da na sauran ma'aikatan lafiya a Nijeriya, wadda ke sa wani likitan ya ɗauki gyara a matsayin raini, ko wani masanin magungunan ya yi gyaran a gaban marar lafiya ta hanyar da ke zubar da mutuncin abokin aiki. Wannan na ƙarshe laifi ne babba, domin amincewar mai jinya ga likitansa wani ɓangare ne na jinyar, kuma gyaran da aka yi a keɓe, da hujja daga littafin ƙa'idojin jinya na ƙasa, shi ne ke buɗe ƙofar zagayen gobe.

Duk da haka, ƙarancin ma'aikata dalili ne na a yi tattalin lokacin wanda ake da shi. Ƙirga ƙwaya da rubuta rasidi aiki ne da mataimakan da makarantun koyon aikin lafiya na jihar ke yayewa za su iya riƙewa a ƙarƙashin kulawarsa, kuɗi kuma akawu ya kamata ya karɓa. Abin da ke gaban Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano da hukumar samar da magunguna ta jihar shi ne su rubuta a cikin jadawalin aikin kowane babban asibiti cewa masanin magunguna zai shafe sa'o'in farko na kowace safiya a ɗakin haihuwa da ɗakin yara, su tanadar wa ɗakunan nan biyu sikeli mai kyau da firji mai aiki da hasken rana, su kuma riƙa tambayarsa a ƙarshen wata yawan takardun maganin da ya duba da abin da ya gyara a cikinsu, kamar yadda suke tambayarsa lissafin kuɗin da ya shigo.